Ruwan Zafi a Gida: Saye, Kafawa da Dafawa

 Gaisuwa ta musamman ga matan Bebeji da Tiga, da na Ƙiru da Kwanar Ɗangora, da na Tudun Wada, har zuwa Doguwa da Riruwai can gindin duwatsu, inda in hunturu ya kama sai ruwan randa ya gagari taɓawa da asuba. Yau maganarmu a kan ruwan wanka ne mai zafi: kayan da za ki saya, inda za ki kafa murhu, yadda za ki dafa ba tare da kin ƙarar da itacen gida ba, da kuma yadda za ki tsare kanki da 'ya'yanki. Aiki ne da muke yi kullum, musamman in akwai mai jego a gida, amma duk shekara sai ya ƙona wasu yara, ya kwantar da wasu mata.

Bari mu fara leƙa waje kaɗan. A ƙasar Japan akwai tsohuwar al'ada ta wanka a bahon katako mai zurfi. Mutum zai fara cuɗa jikinsa da sabulu a waje ya ɗauraye tas, sannan ya shiga ya zauna ruwa ya kai masa kafaɗa. A Turai da Amurka ma ana sayar da manyan bahuna na katako masu kama da ganga, da murhun itace a jikinsu. Sun zaɓi katako ne domin ba ya saurin sakin zafi kamar ƙarfe. To amma irin wanda mutum huɗu za su shiga yakan ci lita 1,000 ko fiye, wato jarka 40 mai lita 25, kuma sai an yi awoyi ana hura wuta kafin ya ɗumama. Sannan in aka bar shi ba ruwa, katakon sai ya bushe ya tsuke, ya riƙa yoyo. Kin ga ke nan a iskar hunturunmu da ke tsaga ko akushi, da wuya ya yi ƙarko. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne ma'auni: hukumomin lafiya na can sun ce kada ruwan da mutum zai shiga ya wuce digiri 40, wato sama kaɗan da ɗumin jikin ɗan Adam, wanda yake digiri 37. Ki riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

To, me za a saya? In maigida zai tafi kasuwa, ki ba shi saƙon abu huɗu. Na farko, tukunyar dafa ruwa mai kauri, mai murfi, mai hannu biyu masu ƙarfi. Ya ɗaga ta a rana ya duba gindinta, in haske na shigowa ko akwai wurin da aka liƙe, ya ajiye ta. Araha ba ta ado. Masu amfani da rabin ganga kuma su tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Yankinmu yankin noma ne, ganguna da jarkokin maganin feshi sun yi yawa, kuma wanki ba ya fitar da dafinsu gaba ɗaya. Duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari, kada ya kusanci ruwan wanka, balle na sha.

Na biyu, baho mai kauri. Roba mara nauyi takan yi laushi in ta ji tafasasshen ruwa, kina ɗagawa ta lanƙwashe ta juye miki a ƙafa. Na ƙarfe kuma yakan ɗauki zafi ya ƙona hannun yaro. Kowanne kika samu, dokar ɗaya ce: ruwan sanyi ake fara zubawa, sannan na zafi. Na uku, moɗa ko ƙwarya mai dogon hannu don ɗiba. Na huɗu, kujera 'yar tsugunno ta katako mai faɗin ƙafa, wadda ba ta rawa, domin mai jego da tsohuwa bai kamata su yi wanka a tsaye ko a tsugune ba, jiri yana iya ɗibarsu. Bayan wanka a jingine kujerar ta sha iska a inuwa, kada ta kwana a cikin lema ta ruɓe.

Sai wurin kafawa. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Ki kafa murhun a fili inda hayaƙi zai tashi sama, nesa da danga da zana da rumbu da tarin kara, domin gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a yi ɗan gini na ƙasa ko a jingine tsohon kwano ta wannan ɓangaren, wuta za ta tsaya a gindin tukunya maimakon ta riƙa bin iska. Duwatsun murhu su zauna daram, ki gwada tukunyar da ruwan sanyi tukuna ki ga ko tana karkata. Kuma tazarar murhu da makewayi ta zama gajeriya, hanyar ba tudu ba rami, ba ta bi ta inda yara ke wasa ba, don yawancin ƙuna a wajen ɗaukar ruwa take faruwa.

Shi kansa wurin wankan, a daɓe shi ko a sa siminti mai ɗan kaushi, a karkata shi zuwa rariya don kada ruwa ya kwanta ya tara sauro da gansakuka. Rariyar kada ta nufi rijiya. Sannan ina jan kunnenmu a kan wanka a bisa masai. In an rufe ramin da itace da ƙasa ne, ruwan safe da yamma na kwana 40 yana jiƙa ƙasar, itacen ya ruɓe, wata rana ya rufta da mutum. Ki roƙi maigida a ware wurin wanka daban, ko da taku uku ne daga bakin masai.

Yanzu ga dafawa, kuma a nan ne itace ke salwanta. Da yawanmu mukan cika ganga taf, mai lita 200, mu yi ta tura itace har ta tafasa, sannan mu zauna jiran ta huce. Ga lissafi mai sauƙi. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne. Ruwan randa da hunturu yakan kai wajen digiri 20. In kika haɗa bokiti ɗaya na tafasasshe da bokiti uku na sanyi, za ki sami bokiti huɗu masu digiri 40 daidai, wato ma'aunin nan da muka ambata. Da bazara, da ruwan randa ba shi da sanyi sosai, sirkin ma ya fi haka yawa. Kin ga ashe kashi ɗaya cikin huɗu kawai kike buƙatar tafasawa.

Ki rufe tukunya, domin buɗaɗɗiyar tukunya tururi ne ke tafiya da kuɗin itacenki. Ki yi amfani da busasshen itace da aka faskara ƙanana, ɗanye hayaƙi kawai yake yi. Totuwar masara da karan dawa duk suna tashin wuta, kuma Allah ya hore mana su a yankin nan. In da hali, murhu mai tsimin itace irin su Save80 yana rage cin itace ƙwarai. Wata dabarar kuma, ki cika baƙar jarka da hantsi ki ajiye ta a rana, kafin la'asar ta yi ɗumin da wuta kaɗan za ta ƙarasa. Wannan tsimi ba don aljihun maigida kaɗai ba ne. Dajin Falgore gandu ne da hukuma ta hana sara a cikinsa, kuma kowa ya ga yadda itace ke ƙara nisa da tsada.

Kada ki hura wuta da leda ko tsohon takalmi ko taya, hayaƙinsu guba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Haka nan kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don a ɗumama wa mai jego. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum zai ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, daga nan sai dai a wayi gari da salati. Masu hita ta lantarki kuma, a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ruwa, kowane lokaci.

Kafin kowa ya yi wanka, ki tsoma gwiwar hannunki. Tafin hannunmu ya saba da tukunya da murhu, ba ya faɗin gaskiya. In gwiwar hannu ta kasa zama a ciki cikin natsuwa, a ƙara sirki. Ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin 'yan daƙiƙu, kuma fatar jariri da ta tsoho ta fi saurin salewa. Ruwan jariri ɗumin jiki ne kawai, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jinkirta masa wankan farko sai bayan awa 24 da haihuwa, a goge shi a lulluɓe shi a ƙirjin uwarsa. Mai ciwon suga wata ta gwada mata, don ƙafarta ba lallai ta ji zafi ba. Mai ciki ma ta tsaya a ruwan ɗumi. Ganga ko baho mai ruwa kada a bar shi a buɗe, yaro mai rarrafe ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi.

To, sai babbar magana, wankan jego. Iyayenmu ba su kafa wannan al'ada don mugunta ba. Kwana 40 na hutu, da ruwan ɗumi, da abinci mai kyau, da mai taya ki raino, gata ne babba, kuma ba wanda ya ce a bari. Abin dubawa shi ne tsananin zafin da yawan kanwa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun ɗora alhakin a kan kunun kanwa mai yawa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki, haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. A 2007 wani bincike a Sakkwato ya sami wannan ciwo a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka duba mata sama da 400 a faɗin Najeriya, suka fitar da sakamako a 2020, inda suka nuna cewa rama da hawan jini na lokacin ciki suna cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Ma'ana, ko macen da ba ta yi wankan gargajiya ba tana iya kamuwa. Amma dai zuciyar da ta riga ta raunana, zafi mai tsanani da gishiri ƙarin kaya ne a kanta.

Saboda haka Inna, Gwaggo, da ke ungozoma, don Allah a sirka ruwan. Ganyen tsamiya ko na darbejiya a wanke shi, a daina fyaɗa shi da tafasasshen ruwa har fata ta tashi. A rage kanwa, a ƙara wake da ƙwai da nama da ganye. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki ta bi abin da ma'aikatan asibiti suka ce. In za ta zauna a ruwan ɗumi, bahon ya zama nata ita kaɗai, wankakke, ruwan kuma sabo, na minti 10 zuwa 15.

Ga alamomin da ba a jira da su: haki ko da ɗan aiki kaɗan, kasa kwanciya sai an tara matasai, tari da dare, kumburin ƙafa ko fuska, bugun zuciya da sauri, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi da wari. Wannan ba sanyi ne ya shige ta ba, kuma ƙara zafin ruwa ba zai warkar da ita ba. A kai ta asibiti a ranar. Ke uwargida, tun ciki na wata bakwai ki zauna da maigida ku yi magana, ya ba ki izinin fita asibiti ko da ba ya gari, ya faɗa wa mahaifiyarsa da wanda zai kai ki. Kamar yadda yake tanadin itacen wanka da ragon suna, haka zai ware kuɗin mota.

In kuma tsautsayi ya faɗa, ruwan zafi ya zubo wa wani, a cire rigar da ta jiƙe in ba ta manne ba, a cire zobe da awarwaro, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta na minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri ko manja ko toka, kuma kada a fasa ƙurjin. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In yaro ne, ko ƙunar ta fi tafin hannunsa faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, sai asibiti.

'Yan uwa, a nan za mu dakata. Wadda ta ji ta faɗa wa kishiyarta da maƙwabciyarta da ba ta samu saurare ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego lafiyar shayarwa, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.