Tukunyar gas a hannun matafiyi: Ina haɗarin yake?

Garin Jega na jihar Kebbi mahaɗa ce ta manyan hanyoyi. Ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta ratsa Aliero zuwa Sakkwato, ta ukun kuma ta bi ta Maiyama ta gangara Yawuri.

A kan waɗannan hanyoyi direbobin manyan motoci da fataken albasar Aliero kan yada zango, kuma wasunsu na tafe da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 domin dafa shayi da abinci, a maimakon itace ko gawayi.

Tukunyar tana da sauƙin ɗauka, ba ta kuma hayaƙi. To amma babban haɗarinta yana farawa ne tun daga wurin da aka ɗura mata iskar.

Zafi da cikawa

Iskar gas ta girki nau'i biyu ce, furofen da buten, kuma sau da yawa akan gauraya su. A cikin tukunya a matse take har ta zama ruwa, kuma lita ɗaya ta ruwan takan koma iska lita 250 ko fiye idan ta fito.

Wannan ruwa yana kumbura idan ya ji zafi. Shi ya sa ƙa'ida ta tanadi kada a cika tukunya fiye da kimanin kashi 80 cikin 100, a bar sauran fili domin kumburin.

Batun ya fi muhimmanci a yanki irin na Kebbi, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a watannin Maris zuwa Mayu. Tukunyar da aka cika maƙil da safe, aka ɗora a bayan mota cikin rana, tana iya fara tsiyayar da iska kafin azahar.

A Amurka, inda masu yawon shaƙatawa ke jan ƙananan ɗakunan kwana a bayan mota tare da abin gashin nama mai aiki da furofen, tun shekarar 2002 aka wajabta sanya wa irin tukwanensu wata na'ura da ke datse ɗuri da zarar an kai iyaka.

Inda babu wannan na'ura, sikeli ne mafita. Akan buga nauyin tukunyar idan babu komai a cikinta a jikin ƙarfenta. Idan an haɗa shi da kilon da aka rubuta, to nan ne iyaka, kuma duk abin da ya ɗara haka haɗari ne, ba gyara ba.

Wurin ɗuri

Ɗura iska daga wata tukunya zuwa wata a shagon bakin hanya na daga cikin abubuwan da hukumomi ke gargaɗi a kansu.

A watan Janairun 2020 wani shagon sayar da gas ya yi bindiga a Sabon Tasha da ke Kaduna, inda mutane da dama suka rasu, ciki har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, Farfesa Simon Mallam.

Hukumar NMDPRA, wadda aka kafa ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, ita ke bayar da lasisin wuraren ɗurin gas, yayin da hukumar SON ke kula da ingancin tukwane.

A wurin zango

Iskar gas ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, don haka idan ta tsiyaya ƙasa take kwantawa, ta taru a ƙarƙashin mota ko cikin rumfa, tana jiran tartsatsi. Asalinta ba ta da wari, ana zuba mata wani sinadari ne mai ɗoyi domin hanci ya gane ta.

Saboda haka ya kamata tukunya ta yi tafiya a tsaye, a ɗaure, a inuwa, kuma a rufe. Kafin a kunna, a shafa ruwan sabulu a bakinta da mahaɗar risho: idan kumfa ta taso, akwai yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana.

Haka nan girki a cikin kan mota ko rufaffen ɗaki, musamman a lokacin hunturu, na iya tara gurɓatacciyar iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci. A fili ake girki, nesa da tankin mai da busasshiyar ciyawa.