Wace ƙafa ta fi?

A Galmi, cikin gundumar Malbaza, da amalanke da baro ake kwashe albasa daga garka. Ƙafafunsu iri 3 ne.

Ƙafar ƙarfe ta fi tauri, ƙaya ba ta huda ta. Amma tana nutsewa cikin rairayi, tana santsi bisa kwalta. Girgizarta tana ƙuje albasa, albasar kuwa sai ta ruɓe.

Taya mai iska tana da laushi. Tana kama ƙasa, jaki ba ya wahala. Amma ƙayar aduwa tana sa ta faci.

Ƙafar roba zalla ba ta faci, sai dai tsakuwa tana cinye ta.

Saboda haka manomi yakan dubi hanya da kaya kafin ya zaɓa.