Dunƙulewar Duniya da Makomar Kare-karen Hausa a Nijar

Dunƙulewar duniya na nufin yadda kasuwanci da sufuri da sadarwa suka kusanto da al'ummomi, har nisa ya daina zama shinge a tsakaninsu. Masana tattalin arziki kan auna ta da yawan hajojin da ke ƙetara iyakoki. Shi kuwa mai nazarin harshe, kalmomi ne ma'auninsa, domin duk hajar da ta shigo kasuwa da sunanta take shigowa.

Cuɗanya da baƙi ba sabon abu ba ne ga Hausa. Ayarin raƙuma da suka ratsa Sahara ta Agadas, tare da yaɗuwar Musulunci, sun kawo kalmomin Larabci irin su littafi da alƙalami da alƙali. Daga Buzaye aka samo takobi da raƙumi. Sai dai wannan aro ya ɗauki ƙarnuka, kowace kalma ta samu sukunin sajewa da tsarin sautin Hausa, har mai magana ya manta cewa baƙuwa ce.

Mulkin mallaka ya sauya wannan tafiya. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla daga 1898 zuwa 1906 sun shata iyaka a tsakiyar ƙasar Hausa, sai aro ya rabu gida biyu. Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ya ɗauki lakwal da mushe da kamyo daga Faransanci, ɗan'uwansa na Katsina ko Kano ya ɗauki firamare da hedimasta da tirela daga Ingilishi. Rubutu ma bai tsira ba, domin sautin da ake rubutawa da ƴ a Nijar, da 'y ake rubuta shi a Nijeriya.

Abubuwa uku ne suka huda wannan iyaka. Na farko shi ne rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, RFI kuma a 2007, kuma dukkansu sun fi karkata ga Daidaitacciyar Hausa wadda aka gina bisa karin Kananci. Na biyu shi ne fina-finan Kano, waɗanda suka fara bunƙasa daga 1990, suka shiga gidajen Tawa da Yamai ta kaset, sannan ta faifai, yanzu kuma ta waya. Na uku shi ne intanet. Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kuma irin wannan na'ura daga rubutun da ta tarar take koyo, wanda mafi yawansa a Nijeriya aka yi shi.

Amfanin wannan sauyi a bayyane yake. Hausa ta samu fagen da ba ta taɓa samu ba: ɗan zango a Kumasi da ɗan kasuwa a Konni suna sauraren labari ɗaya a lokaci ɗaya, kuma matasan da ba su koyi rubutun Hausa a makaranta ba suna yin sa kullum a WhatsApp da Facebook.

Amma akwai hasara ta fuska biyu. Ta farko ta shafi kare-karen harshe. Hausar yamma, irin ta Adar da Gobir, tana da siffofinta: hwari a maimakon fari, shina a maimakon yana, ɗiya a maimakon ƴa. Matashin da ba ya jin waɗannan a rediyo ko a fim yakan ɗauke su ƙauyanci, ya bar su. Alhali ga mai nazarin tarihin harshe, irin waɗannan siffofi shaida ce, domin kare-karen yamma sun adana tsofaffin sigogi da Kananci ya riga ya zubar. Ta biyu ta shafi aro. Kalmomin fasaha suna shigowa da saurin da ba ya barin a tace su, shi ya sa abu ɗaya yake da suna biyu: rezo a wannan ɓangare, sabis a wancan. Idan ba a daidaita su ba, littafin kimiyya da aka rubuta a Zariya zai wahalar da ɗalibin Damagaram.

Lamarin ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tambayar da ke gaban masana yanzu ita ce wace Hausa za ta shiga aji da ofis da na'ura. Daidaitaccen kari wajibi ne ga koyarwa, amma daidaitawa ba ta buƙatar a binne sauran. Aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsuna shi ne naɗar maganar dattawan Adar da Arewa da Gobir da Damagaram, da rubuta ta, da sanya ta inda na'urori za su same ta. Karin da bai shiga rubutu a yau ba, na'urar gobe ba za ta san da shi ba.