Me Ɗalibanmu Ke Ci Da Dare?

A shekarar 1978, ƙarin kwabo 50 kan kuɗin abincin yini ya tayar da zanga-zangar ɗalibai wadda aka zubar da jini a cikinta a Legas da Zariya. Daga baya gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa a jami'o'i, aka bar ɗalibi da tukunyarsa. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara ƙuntata wannan tukunya, har ɗalibai na kiran cimarsu da "sifili-ɗaya-sifili", wato ci sau ɗaya a yini.

Yawancinsu sun raja'a ga Indomie da lemon kwalba, alhali kuwa waɗannan ba sa gina jiki. Maganin yana cikin kasuwarmu. Wake da shinkafa, wato garau-garau, abinci ne mai gina jiki da riƙe ciki. Idan aka jiƙa waken tun da safe, dahuwarsa ba ta cin gas da yawa. Ɗanwake ba ya cin lokaci. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko dankali da awara, sun wadatar da mai karatun dare. Ɗalibai huɗu da suka haɗa kuɗi suka sayi kwanon wake, da man gyaɗa, da daddawa, da busasshen tumatir, sun fi mai sayen ƙulli-ƙulli samun rahusa.

Saboda haka, ya kamata iyaye su riƙa haɗa wa 'ya'yansu tsaraba ta hatsi, su kuma koya wa maza girki tun a gida. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.