Steel Pulse: Tarihi da Kiɗan 'Ya'yan Baƙi a Birmingham

Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun daɗe da yarda cewa waƙa ba ta rabuwa da al'ummar da ta haife ta. To, amma yaya lamarin yake idan waƙa ta bar ƙasarta ta asali, ta tashi a bakin 'ya'yan da aka haifa a baƙuwar ƙasa? Wannan maƙala za ta dubi wannan tambaya ta hanyar nazarin ƙungiyar makaɗa mai suna Steel Pulse, wadda aka kafa a unguwar Handsworth ta birnin Birmingham, a Ingila, cikin 1975. Kiɗanta regge ne, watau kiɗan da ya tsiro a tsibirin Jamaika a ƙarshen shekarun 1960.

Unguwar da ta haife su

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta buƙaci ma'aikata ƙwarai. Cikin watan Yuni na 1948 jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen tsibiran Karibiyan a tashar Tilbury, daga nan kuma wasu suka yi ta biyo sawu. Da yawa sun yada zango a Birmingham, birnin maƙera da masana'antu, suka kama aiki a gidajen narka ƙarfe, da motocin safa, da asibitoci. 'Ya'yansu su ne suka kafa Steel Pulse. David Hinds, wanda ya zama zabiyar ƙungiyar kuma mai tsara yawancin waƙoƙinta, an haife shi a Handsworth cikin 1956. Shi da Basil Gabbidon, mai kaɗa jita, da Ronald McQueen, mai kaɗa jitar bas, abokan makaranta ne. Daga baya Selwyn Brown da Steve Nisbett suka shigo, na farko a kan molon Turawa mai madannai, na biyu a kan ganguna. Sunan ƙungiyar kuwa daga wani dokin sukuwa aka aro shi, ma'anarsa ta yi kusa da bugun jini na ƙarfe.

Lalle ne mai karatu ya san halin da waɗannan samari suka tashi a ciki. A Birmingham ɗin nan ne, cikin Afrilu 1968, ɗan siyasa Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙin baƙi wanda ya girgiza ƙasar. Akwai kuma wani sashe na tsohuwar dokar 1824 da ya ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zato kawai, kuma samarin baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa har aka soke shi a 1981. Ga rashin aikin yi, ga jam'iyyar National Front tana zanga-zanga a tituna. Iyayensu sun ɗauki Ingila uwa, su kuwa da aka haifa a cikinta sai ta nuna musu halin kishiyar uwa.

Daga ƙi zuwa karɓuwa

Abin mamaki, waɗanda suka fara juya wa ƙungiyar baya su ne masu gidajen rawa na mutanen Karibiyan, saboda samarin sun rungumi aƙidar Rastafari, wadda ke girmama Sarkin Habasha Haile Selassie, kuma dattawa masu zuwa coci suna ganinta a matsayin lalacewa. Ƙofa ta buɗe musu ta inda ba a zata ba, watau wajen farar fata masu kiɗan punk, irin su The Stranglers. Cikin 1976 aka kafa ƙungiyar Rock Against Racism bayan wasu kalaman ƙin baƙi da mawaƙi Eric Clapton ya furta a wani wasa a Birmingham. Ranar 30 ga Afrilu 1978, a babban gangamin da aka yi a Victoria Park ta Landan, Steel Pulse ta hau dandamali ɗaya da The Clash a gaban dubban jama'a.

A wannan shekara ce kamfanin Island ya fitar da ƙaramin faifansu mai suna "Ku Klux Klan", sa'an nan babban faifai, Handsworth Revolution, wanda ya shiga cikin goma na farko a jerin faya-fayen da aka fi saye a Birtaniya. Sun kuma raka Bob Marley zagayen wasanni a Turai. Idan za su rera "Ku Klux Klan" sai wasunsu su rufe kai da fararen huluna masu tsini irin na 'yan wannan ƙungiya ta Amurka. Wannan zambo ne da tufafi, mai kallo yakan fahimci saƙon tun kafin a buɗe baki.

Kiɗa da harshe

Ginshiƙin regge shi ne ganga da bas. A karin da ake kira "one drop", makaɗi yakan bar bugu na farko fayau, ya sauke nauyi a kan na uku, jita kuwa tana sara a tsakanin bugu da bugu. Steel Pulse ta riƙe wannan, amma ta ƙara abin da kunnen yaron Ingila ya saba ji a rediyo: jitar Gabbidon mai dogon kuka irin na kiɗan rok, da 'yan amshi masu jera murya hawa-hawa, da canje-canjen sauti masu sarƙaƙiya fiye da yadda aka saba a Kingston. Wani dalili shi ne, a Jamaika yawanci mai ɗakin ɗaukar murya ne ke tara makaɗan haya su yi wa mawaƙi kiɗa, alhali su waɗannan ƙungiya ce tsayayya da ta goge a dandamali.

Batun harshe ya fi jan hankalin manazarci. Waɗannan samari a makaranta da titi suna iya Ingilishin Birmingham sarai, amma a waƙa sukan karkata ga karin Jamaika, su gauraya shi da daidaitaccen Ingilishi gwargwadon wanda suke yi wa magana. Zaɓen harshen da kansa matsayi ne, domin harshe ne da malaman makaranta suka ɗauka gurɓataccen Ingilishi. Sun kuma gaji kalmomin Rastafari: "Jah" na nufin Ubangiji, "Babylon" kuwa, wadda aka ɗauko daga labarin bautar Isra'ilawa a Babila, tana nufin duk wani tsarin zalunci. A bakin ɗan Kingston ƙasar Babila tana iya zama can ƙetaren teku. A bakin ɗan Handsworth kuwa ita ce ofishin 'yan sanda da ke bakin titinsu. Nan ne amsar masu cewa reggen Ingila kwaikwayo ne take: kalmomin aro ne, amma ciwon nasu ne. Faifansu na 1979, Tribute to the Martyrs, ya faɗaɗa jigon zuwa ta'aziyyar Steve Biko na Afirka ta Kudu da George Jackson na Amurka.

Ƙetare teku

Kasuwar regge mai jigon siyasa ta ja baya a Ingila a farkon shekarun 1980, sai ƙungiyar ta fuskanci Amurka. Wasan da suka yi a bikin Reggae Sunsplash na Jamaika cikin 1981, shekarar da Marley ya rasu, ya sa 'yan asalin kiɗan suka sallama musu. True Democracy na 1982, wanda ke ɗauke da waƙar yabon Marcus Garvey, shi ne ƙololuwar fasaharsu bayan faifan farko. Gabbidon ya bar ƙungiyar bayansa. Cikin 1987 Babylon the Bandit ya ci lambar Grammy, suka zama na farko daga wajen Jamaika da suka same ta a fannin regge. Sai dai ba shi ne mafi ingancin aikinsu ba; na'urorin lantarki sun danne gangar, kuma State of Emergency na 1988 ya ƙara nisa cikin neman kasuwa.

Duk da haka ba su bar faɗa da wariya ba. A farkon shekarun 1990 sun yi waƙar "Taxi Driver" a kan direbobin tasi na New York masu ƙin ɗaukar baƙar fata, har suka kai hukumar tasi ta birnin ƙara. Cikin 1993 suka yi wasa a bukukuwan rantsar da Shugaba Bill Clinton. African Holocaust na 2004 ya mayar da su ga salonsu na farko, sa'an nan suka yi shekara 15 ba sabon faifai. Nisbett ya rasu a 2018. Da Mass Manipulation ya fito cikin 2019, Hinds da Brown ne kaɗai suka rage daga tsofaffin hannu, jigon waƙoƙin kuwa ya haɗa da fataucin bil'adama da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata a Amurka.