Wa Ke Biyan Bashin Shaiɗan?

A yankin Maraɗi, daga Madarunfa zuwa Ɗan Isa, daga Gabi zuwa Safo, da wuya a samu majalisar da ba a taɓa ba da wannan labari ba. Wani mutum ne talauci ya kai shi bango, ya je wurin boka neman arziki. Boka ya ce abu ne mai yiwuwa, amma da sharaɗi. Da farko jan zakara aka nema, daga baya baƙin bunsuru, ran nan kuma aka ce ya kawo abin da ya fi so a duniya. Kuɗi suka zo kamar ruwan sama. Sai dai a gidansa akwai ɗakin da ba mai shiga sai shi, akwai kuma yaro guda da hankalinsa ya taɓu, ko mata da ta kwanta ciwo likita ya rasa gane kansa. Sunan mutumin yana sauyawa daga gari zuwa gari, amma ƙashin labarin bai taɓa sauyawa ba. A can ƙasar Turai ma sun fi shekara 400 suna ba da irinsa, sun rubuta shi a littattafai, sun rera shi a dandali. In aka jera nasu da namu, za a ga yadda wannan labari yake aiki, da abin da ya sa ba ya mutuwa.

Nasu ya fi shahara da sunan Faust. An yi mutum na gaske mai wannan suna a Jamus, mai duba da haɗa magunguna, wanda ya mutu wajen 1540. A 1587 wani maɗaba'i mai suna Johann Spies ya fitar da ɗan littafi a kansa a birnin Frankfurt. A ciki an ce Faust malami ne da ilimin makaranta bai ƙosar da shi ba, sai ya kira wani shaiɗani mai suna Mefistofelis suka ƙulla ciniki: shaiɗanin zai yi masa bauta shekara 24, in wa'adi ya cika ransa ya zama na Iblis. Da jininsa ya sa hannu. Daren da shekarun suka ƙare ɗalibansa suka ji ihu, da safe suka tarar da jini a bangon ɗaki, gawar kuma a waje kan juji.

Marubucin Ingila Christopher Marlowe ya mai da labarin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1604, bayan rasuwarsa. Shi ne ya lura da abin da na fi ganin hikima a cikinsa. Mutumin da ya sayar da lahirarsa don ya mallaki duniya, me ya yi da shekarun nan 24? Ya ɓace wa ido ya tsokani Fafaroma a wurin cin abinci. Ya damfari wani dillalin dawakai. Ya sa aka kawo wa matar wani basarake inabi ba a lokacinsa ba. Ke nan abin da aka saya bai kai ko kusa da abin da aka bayar ba. Akwai kuma wurin da ya zo sa hannu jininsa ya daskare ya ƙi zuba, har sai da shaiɗanin ya kawo garwashi aka ɗumama shi. Jikinsa ma ya ƙi cinikin, shi ne ya nace.

Abin da ke riƙe da labarin shi ne tazarar da ke tsakanin karɓa da biya. Manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina ya san wannan tazara: ya karɓi tiyar hatsi yau a hannun ɗan kasuwa, da alkawarin zai mayar da fiye da haka in kaka ta yi, kuma a ranar karɓa kaka tana yi masa kama da abin da ba zai zo ba. Shi ya sa galibi a irin wannan labari sai an yanka wa'adi a cikinsa, ko shekara 24, ko bakwai, ko ranar da ɗan fari zai balaga. Mai sauraro ya san ranar tana tafe, wanda ya ci bashin ne kawai yake yi kamar ya manta. Takarda da sa hannu kuwa sun shiga labarin Turawa ne domin sun rayu cikin alƙalai da ƴan kasuwa masu rubuta kowace yarjejeniya. A namu ba a bukatar takarda. Jinin yanka ne shaida, boka ne dillali, sharaɗin kuma da baki ake faɗa, amma ba a tsallake shi.

To, wa ke biya? A nan ne labaran suka fara rabuwa, kuma a nan ne namu ya fi tsanani. A tsohon littafin 1587 da wasan Marlowe, wanda ya ci shi ya biya. A ƙasar Hausa da wuya ka ji an ce mutum ya ba da ransa shi kaɗai. Ɗansa ake cewa ya bayar, ko matarsa, ko mahaifiyarsa, ko haihuwar da zai yi nan gaba. Ba abin mamaki ba ne a wurin mutanen da suke ƙirga arziki da yawan iyali. Mafi munin abin da Bahaushe zai iya tunani shi ne a musanya mutum da kuɗi, a ci zumunta a sayi mota. Fim ɗin nan na harshen Ibo, Living in Bondage, wanda ya fito a 1992 ya buɗe kasuwar finafinan kudancin Najeriya, a kan wannan ya ginu: Andy ya ba ƙungiyar asiri matarsa Merit, ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat.

Turawa ma daga baya sun iso wurin. Goethe, babban marubucin Jamus, ya fitar da kashi na farko na nasa Faust a 1808, na biyu kuma ya fito a 1832, shekarar da ya rasu. A wurinsa cinikin ya zama caca: ranar da Faust ya ji daɗin wani lokaci har ya so lokacin ya tsaya, ranar ya faɗi. Amma dubi waɗanda suka biya a hanya. Yarinyar da ya yaudara, Gretchen, mahaifiyarta ta mutu da maganin barcin da aka ba ta don masoya su samu sarari. An kashe wanta a faɗa. Ita kuma ta haukace ta nutsar da jaririnta, aka yanke mata hukuncin kisa. A kashi na biyu, wasu tsofaffi mata da miji sun ƙone a bukkarsu domin Faust yana son filinsu. Bayan duk wannan Goethe ya sa mala'iku suka ƙwace ran Faust daga hannun shaiɗan, domin bai taɓa daina fafutuka ba. Na san masana da yawa suna ganin zurfin wannan ƙarshe, amma ni zuciyata tana wurin tsofaffin nan biyu da ba wanda ya tambaye su.

Masu opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da kiɗa maimakon a yi magana, sun ga inda hawaye yake. Charles Gounod ya fitar da nasa a Faris a 1859, ya bar yawancin falsafar ya tsaya kan yarinyar, har a Jamus aka riƙa kiran wasan da sunanta. Ya karɓu ƙwarai, da shi aka buɗe babban gidan opera na New York a 1883. Berlioz ya riga shi a 1846, Boito na Italiya ya biyo a 1868. Amma wanda maharbin dajinmu na Baban Rafi zai gane nan take shi ne na Carl Maria von Weber, Der Freischütz, da aka fara nunawa a Balin a 1821. Wani saurayi maharbi, Max, dole ya ci gasar harbi kafin a ba shi Agathe, ga shi hannunsa ya daina sa'a. Abokin aikinsa Kaspar ya ja shi wani kwazazzabo da tsakar dare suka zuba harsashi bakwai na tsafi. Shida za su sami duk abin da aka auna, na bakwai kuwa na shaiɗan ne, shi zai kai shi inda ya so. Abin da Max bai sani ba, wa'adin Kaspar ne ya cika, yana neman wanda zai miƙa a madadinsa. Wannan neman madadi shi ne zuciyar labaran ƴan shan jini da ake bayarwa a garuruwanmu: wanda ya shiga ba ya tsira sai ya jawo wani.

Me ya sa labarin ya yi ƙarfi a kwarin Gulbin Maraɗi? Hulɗa da iskoki ba sabuwa ba ce a nan. Anna, masu addinin gargajiya, suna da alkawari da Doguwa da sauran iskoki, ana yanka musu don gona da ruwa da lafiya. Amma wannan gado ne na dangi, a fili ake yin sa, kowa ya san gidan da ke riƙe da wane. Arzikin da ma a fili yake. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin wannan kwari, ya bayyana bikin dubu, inda manomin da ya tara dami dubu yake tara jama'a ya rabar da dukiya kafin a kira shi sarkin noma. Kowa ya ga gonar, kowa ya ga gumin, kowa ya ci.

Sai zamani ya kawo wani irin arziki. Cinikin gyaɗa ya ɗaga Maraɗi, farin shekarun 1973 da 1974 ya karya shi, fataucin kan iyaka ya maye gurbinsa: atamfa, taba, shinkafa, man fetur, da canjin naira da sefa a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a 1986 kan Alhazan Maraɗi da yadda suka tashi. Irin wannan dukiya tana da dalilanta: jari, ubangida, amana tsakanin abokan ciniki, sanin farashi a ƙasashe biyu, sanin jami'an kan iyaka. Sai dai ba a ganin ta tana tsiro kamar gero. Manomi ya ga sa'ansa da suka yi kiwo tare ya gina bene cikin shekara uku, shi kuwa ko kuɗin taki bai haɗa ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi, kuma labarin boka ya fi lissafin canji sauƙin fahimta. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike kan maita a wannan kwari ta buga a 1993, ta ji mutane suna cewa ƙanƙarar maita da a da gadonta ake yi, yanzu da kuɗi ake sayen ta. Wato har cin kurwa ya shiga kasuwa. Wannan magana tana faɗin abin da mutane suke ji game da kuɗi fiye da abin da take faɗi game da mayu.

Musulunci yana da tasa fassarar, kuma ta bambanta da ta Faust a wuri mai muhimmanci. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta siffanta masu koyon sihiri da waɗanda suka sayar da kansu da mugun farashi. Aya ta 22 a Suratu Ibrahim kuma ta nuna Shaiɗan ranar hisabi yana gaya wa mabiyansa cewa ba shi da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa. Ke nan ba wata takarda da ke ɗaure mutum. Rai ba mallakar mai shi ba ne balle ya sayar, kuma ƙofar tuba a buɗe take har zuwa gargarar mutuwa. Malaman tafsiri kan kawo labarin Barsisa a ƙarƙashin aya ta 16 a Suratul Hashri: mai ibada ne da aka ba amanar yarinya, Shaiɗan ya bi da shi taki-taki daga kallo zuwa zina zuwa kisa, da aka zo kashe Barsisa sai Shaiɗan ya ce masa ya yi masa sujada zai cece shi, ya yi, Shaiɗan ya gudu ya bar shi. Wannan labari ya yi tafiya har Ingila. Matthew Lewis ya ambace shi a matsayin tushen littafinsa The Monk na 1796, inda wani limamin Kirista ya sa hannu ya ba da ransa don ya kuɓuta daga kurkuku, sai bayan nan shaiɗan ya gaya masa cewa masu tahowa ƙofarsa afuwa suka kawo masa. Faust na Marlowe ma wani dattijo ya roƙe shi ya tuba tun da sauran lokaci, abin da ya hana shi shi ne ya gaskata cewa ya makara. Fid da tsammani shi ne ainihin tarkon. A gari irin Madarunfa, inda ake zuwa bakin tafki ziyarar kaburburan waliyyai 99 da roƙon Allah, wannan ba baƙon karatu ba ne.

Amma labarin yana da ɓarnar da yake yi a zahiri, kuma ita ce ta fi damuna. Wanda ya gaskata cewa ana sayen arziki a wurin boka zai kai kuɗin gonarsa ga ɗan damfara mai alkawarin ninka su. Wani ya wuce nan, ya aikata kisa na gaske don neman dukiyar da ba za ta zo ba, kamar yadda kotuna a Najeriya suka sha yanke hukunci a kai. Sannan zargin ba ya tsayawa kan attajiri, wanda yake da katanga da masu gadi. Kan tsohuwar da ba ta da ɗa namiji yake sauka, ko baƙuwar da aka auro daga nesa. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta, zafi ya hau masa kai yana sambatu, ya ambaci sunan maƙwabciya. Sai a taru a ce ta kama kurwarsa, a fito da ita a tilasta mata ta tsallaka shi a gaban jama'a. Sa'o'in da aka ɓata a wannan tsakar gida su ne waɗanda ake bukata a kai shi asibiti, ita kuwa ko yaron ya tashi ko bai tashi ba, sunan ya bi ta ke nan, ya bi ƴaƴanta mata har ranar da za a zo neman aurensu.