Sassaben zamani: abin da ƙungiyoyin agaji suka koya a gonakin Maradi

Bayan farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a shekarun 1970, ƙungiyoyin agaji sun yi tururuwa zuwa Nijar da niyyar tare hamada. Dabararsu ɗaya ce: a reni itatuwa a lambu, a kwashe su a mota, a dasa a karkara. An kashe kuɗi masu yawa, amma akasarin dashen bai rayu ba. Rani ya ƙone wasu, bisashe suka cinye wasu, sauran kuwa ba su da mai kula, domin manomi bai ɗauke su nasa ba.

A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa kafin damina tohon kututturan manyan itatuwa ne, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, sai icce ya miƙe da sauri, ba tare da an saye shi ko an shayar da shi ba. Wannan shi ne sassaben zamani.

Lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon cimaka: wanda ya bar itatuwa a gonarsa, a ba shi hatsi. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare abin da suka bari. Amma waɗanda suka yi haƙuri sun ga amfani: iska ta daina binne shuka da rairayi, ga iccen girki kusa da gida, ga abin sayarwa a kasuwa. Maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci, ya kwaikwaya. Darasi na farko ke nan: abin da aka yi don buhun hatsi, tare da buhun yake ƙarewa.

Darasi na biyu ya shafi doka. A da, icce na gwamnati ne, kuma ma'aikatan gandun daji na cin tarar manomi idan ya sare wanda ke cikin gonarsa. Wa zai yi wahalar renon abin da ba zai mora ba? Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun sassauta lamarin, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena. A garin Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, inda asusun FIDA ya tallafa, mazauna sun kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya, domin hana saran sata.

Masu bincike, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan, sun gwada hotunan sama na da da na baya, suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyon 200 sun farfaɗo a kan hekta miliyon 5. A Magarya, Matamai da Mirya na jihar Damagaram, gawo ne ya fi yawa. Shi gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tauye hatsi da inuwa. Yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani.

Jihar Tawa ma ta ba da shaida. A 1989 an kai wasu manoman Illela ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramu a fako, a zuba taki, a shuka. Suka dawo da dabarar, wadda aka sani da tasa, har ta kai ga ana sayen faƙon da a da ba mai so.

To, mene ne ƙarfin da ƙungiyar agaji ke bukata? Motoci da ofis ba su isa ba. Tana bukatar ma'aikatan da suka ji harshen manomi, suke kwana a ƙauye. Tana bukatar manoma masu koyar da ƴan'uwansu. Tana bukatar sanin dokar ƙasa da gona. Kuma ta auna aikinta da itatuwan da suka rayu bayan tafiyarta, maimakon waɗanda ta dasa ranar buki. Masu ba da kuɗi su ma su sani cewa proje na shekara uku ba ya ganin girman gawo.

Maganar ta shafi ɗan kasuwa, domin abin da gona ta bayar shi ke yanke farashin tiyar hatsi a Maradi da Damagaram. Ta shafi ma'aikacin gwamnati, domin shi zai tabbatar doka ta isa ƙauye. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, amma aikin hannun manoman Nijar ne. Da ma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.